Ba Kowane Gajeren Yaro Ne Yunwa Ta Tsumbure Ba

Duk wanda ya san jahar Damagaram ya san cewa maganar tamowa ba baƙuwa ba ce a cikinta. Tun daga yunwar shekarar 2005, wadda ta fi tsanani a jahohin Maraɗi da Damagaram, hukuma da ƙungiyoyin agaji suka tashi tsaye wajen ceton yara. An buɗe gidajen jinyar masu tamowa a Damagaram da Magarya da Mirya. Kamfanin STA na Yamai ya shiga sarrafa abincin gyaɗa na Plumpy'Nut a cikin ƙasa. A 2006 gwamnati ta ɗauke wa iyaye kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. A gundumar Mirya ne kuma ƙungiyoyin BEFEN da ALIMA suka gwada, a 2013 da 2014, koya wa uwaye auna damtsen ƴaƴansu da kansu da ɗan ma'aunin nan mai launi uku, dabarar da ƙasashe da dama suka ɗauka daga baya. Wannan aiki ya ceci rayuka masu yawa, kuma babu mai hankalin da zai raina shi.

Duk da haka, binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta gudanar a 2022 ya nuna cewa yara 47 bisa 100 daga cikin ƴan ƙasa da shekara 5 a Nijar tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, kuma Damagaram tana cikin jahohin da abin ya fi yawa. To, inda gajerun yara suka kai rabi, ido yakan saba, har a riƙa ɗaukar cewa dalili ɗaya ne ya tsumbure su duka. Nan ne kuskure yake shigowa. A cikin wannan taro akwai ƴan tsiraru waɗanda ko da an cika musu rumbu da hatsi, an ba su nono da ƙwai da nama safe da yamma, ba za su ƙaru da tsawo ba, domin ba abinci ne suka rasa ba. Waɗannan yara suna da haƙƙi a kan hukuma kamar sauran, kuma abin da za a fara yi musu ba mai tsada ba ne: a auna tsawonsu, a rubuta, a sake aunawa.

ABU UKU DA GIRMA YAKE BUKATA

Lokacin da Sarkin Damagaram Tanimun ya kewaye Birni da garu a tsakiyar ƙarni na 19, aikin ya bukaci abu uku: ƙasa da ruwa na kwaɓa tubali, da umurni daga fada, da magina masu ƙarfin ɗauka. Da ɗaya daga ciki ya ɓace, da garu bai tashi ba. Haka jikin yaro yake. Abinci shi ne tubali. Umurni kuwa yana fitowa daga wani ɗan ƙullutu da bai fi ƙwayar wake ba, wanda yake zaune a gindin ƙwaƙwalwa, likitoci suna kiran sa ipofiz. Shi ne yake sakin sinadarin girma a cikin jini, galibi da dare lokacin da yaro ya yi nisa cikin barci. Sinadarin yakan je hanta ya sa ta fitar da wani na biyu mai suna IGF-1, su biyun su nufi guringuntsin da ke bakin dogayen ƙasusuwa su sa shi ya miƙe. Ƙarfin magina kuma yana fitowa daga wasu ƴan mitsi-mitsin abubuwa da ke cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jiki, ana kiran su mitokondiri. Su ne murhun jiki, su ne suke ƙona abinci da iskar numfashi su mai da su kuzari.

Saboda haka gajarta iri-iri ce. Yaro mai tamowa tubali ya rasa. An ma gano cewa sinadarin girma yakan yi yawa a jininsa, sai dai jiki ba ya amsa kira saboda babu abin gini. Maganinsa abinci ne, da ruwa mai tsabta, da rigakafi, da nonon uwa, musamman a kwanaki 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara 2. Allurar girma ba za ta amfane shi da komai ba. Yaro na biyu yana da tubali yana da magina, umurni ne bai iso ba. Na uku kuwa maginansa ne ba su da ƙarfi, wani lokaci ma har da umurnin ya yanke.

YARON DA MA'AUNIN DAMTSE BA YA GANI

Yaron da ya rasa sinadarin girma ba ramamme ba ne. Sau da yawa ɓul-ɓul yake, da zagayayyar fuska, da ɗan tumbi, da siririyar murya, haƙoransa suna jinkirin fitowa. Gaɓoɓinsa daidai suke da juna, ba kamar na wada ba, wanda hannuwa da ƙafafunsa suka gaza gangar jikinsa. Hankalinsa garau yake. Ɗan shekara 10 ne, amma mai gani sai ya ce 6. In aka sa masa ma'aunin damtse, tsanwa zai nuna, a sallame shi a ce lafiyarsa lau. Ga shi kuma awon yara yakan tsaya ne tun kafin shekara 5, alhali kuwa daga nan ne bambancinsa da tsararrakinsa yake ƙara fitowa fili.

Wani da abin ake haihuwarsa, kuma alamarsa ta fari ita ce faɗuwar sukari a jini da shawara mai daɗewa a makonnin farko. Wani kuma daga baya yake samu, sanadiyyar buguwa a kai, ko sanƙarau, wanda jahar ta sha fama da shi har a ƙarshen 2022 da farkon 2023, ko kuma wani ƙari da yake tsirowa kusa da ipofiz. Wannan na ƙarshe shi ne ya sa maganar ta wuce ta tsawo kaɗai. Yaron da ya daina girma, yana yawan ciwon kai, ganinsa yana raguwa, yana shan ruwa da fitsari fiye da ƙima, ba jira yake bukata ba, asibiti yake bukata nan da nan.

Ƙa'idar da ake bi mai sauƙi ce. Jariri yakan ƙaru da wajen santimetir 25 a shekararsa ta farko, da wajen 12 a ta biyu. Daga shekara 4 har zuwa balaga yakan ƙaru da 5 zuwa 6 kowace shekara. Wanda bai kai 4 ba, akwai dalili, sai a nema. Awo ɗaya ba ya nuna haka, sai biyu, da tazarar wata 6 ko shekara a tsakaninsu. Gajere ɗan gajeru wanda yake ƙaruwa daidai kowace shekara ba shi da ciwo, gado ne ya yi.

A ƙasashen da aka ƙirga, akan sami yaro 1 cikin 4,000 zuwa 1 cikin 10,000 da rashin wannan sinadari. Ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyan 3 da rabi a jahar Damagaram, wadda ta fi kowace jaha yawan jama'a, kuma wajen rabinsu ƴan ƙasa da shekara 15 ne. In aka yi lissafi bisa wannan, ana maganar ɗaruruwan yara ke nan, ba ɗaya ko biyu ba.

TARIHIN ALLURAR GIRMA

A 1958 ne wani likita a Amurka, Maurice Raben, ya fara yi wa wani yaro magani da sinadarin girma, ya kuwa ƙaru. A wancan zamani daga ipofiz na mamata ake tatso shi, domin na dabba ba ya aiki a jikin ɗan Adam. Shekara kusan 30 ana haka, sai a 1985 aka tarar wasu daga cikin waɗanda aka yi wa allurar sun kamu da wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa marar magani, mai suna Creutzfeldt-Jakob, wadda ta biyo maganin daga gawa. A Faransa, fiye da 100 daga cikin yaran da aka yi wa allurar suka mutu. An yi shari'a a Paris a 2008, a 2009 kuma kotu ta sallami waɗanda ake tuhuma, iyaye suka koma gida da baƙin ciki biyu. A 1985 ɗin ne dai aka fara sayar da sinadarin da ake sarrafawa a masana'anta ba tare da gawa ba, kuma wancan haɗari ya kau.

Wannan tarihi yana da darasi ga kowane ma'aikacin hukuma. Magani mai ƙarfi yana bukatar sa ido mai ƙarfi. Allurar ta yau tana aiki ƙwarai ga wanda aka tabbatar ya rasa sinadarin, har yakan ƙaru da santimetir 8 zuwa 12 a shekarar farko. Amma ana yin ta ne ƙarƙashin fata kowane dare, shekara da shekaru, ko da yake an fara samun ta mako-mako a wasu ƙasashe. Yawancinta sai an ajiye a firigo. Kuɗin shekara guda yana kai miliyoyin sefa. Kafin a fara kuma sai an ɗauki hoton ƙashin hannun hagu don a san shekarun ƙashi, an auna jini, an yi gwajin da ake tsokanar ipofiz a ga ko zai amsa, an kuma duba ƙwaƙwalwa. Da zarar yaro ya gama balaga, bakin ƙasusuwansa ya rufe, to ƙofa ta rufe ke nan, babu allurar da za ta ƙara masa ko da faɗin farce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwasa shi.

INDA AKE BUKATAR HATTARA

Cututtukan mitokondiri ba a daɗe da sanin su ba. Likita Rolf Luft na ƙasar Suwidin ne ya fara bayyana irinsu a 1962, kuma sai a 1988 aka gano kuskuren gado na farko da ke haddasa su. Ana ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 5,000 yana da wani nau'i nasu. Da yake murhu ne ya lalace, gaɓoɓin da suka fi cin kuzari su ne suka fi shan wahala: ƙwaƙwalwa, da tsoka, da zuciya, da ido, da kunne, da kuma ƙullutan da ke sakin sinadarai, har da ipofiz da wanda yake daidaita sukari. A nau'in da ake kira Kearns-Sayre, wanda aka bayyana a 1958, fatar ido takan sauko kamar mai jin barci, ƙwayar ido ta kasa juyawa, bugun zuciya ya rikice, duk kafin shekara 20. A nau'in MELAS, wanda aka sa wa suna a 1984, akan ga farfaɗiya, da amai, da ciwon kai, da shanyewar jiki mai zuwa tana komawa, da kurumta, da ciwon sukari. Gajarta tana cikin alamomin da suka fi yawa a duka biyun, kuma sau da yawa ita ce take riga sauran bayyana.

A ƙauye irin wannan yaro shi ne wanda ake kaiwa gidan tamowa a dawo da shi, a sake kaiwa, bai taɓa murmurewa sosai ba. Ɗan zazzaɓi kaɗan sai ya kwantar da shi. Tafiya kaɗan sai ya zauna. Maƙwabta su ce iska ce ko maita, dangin miji su ce kwanika ce, wani ma'aikaci kuma ya zargi uwa da sayar da abincin da aka ba ta. Alhali kuwa uwar ta yi iyakar ƙoƙarinta. Rashin sani ya fi dare duhu.

Daga cikin waɗannan yara, wasu ƙalilan ne ake tararwa sun rasa sinadarin girma da gaske. Sauran gajartarsu daga ƙarancin kuzari take. Tambayar da likitoci suka daɗe suna muhawara a kai ita ce, shin a yi musu allurar ko a bari? Allurar umurni ce ga jiki cewa ya yi gini da sauri, gini kuwa kuzari yake ci. In magina ba su da ƙarfi aka matsa musu, faɗuwa za su yi. A 2008 wasu likitocin Paris suka bayyana yadda jikin wasu yara masu wannan cuta ya rikice bayan an fara yi musu allurar, sai da aka dakatar suka sami sauƙi. An kuma sami wasu a wasu wurare da suka ƙaru da tsawo ba tare da wata illa ba. Bugu da ƙari, sinadarin girma yakan ɗaga sukarin jini, waɗannan yara kuwa da ma suna bakin ciwon sukari. Saboda haka hanyar da ta dace ita ce kada a ba kowa sai wanda gwaji ya tabbatar ya rasa sinadarin, a fara da kaɗan, a riƙa auna sukari da zuciya da ƙarfin tsoka, a kuma tsaya da zarar an ga jiki yana ja da baya. Kada garin neman gira a rasa ido.

Cutar mitokondiri ba ta da maganin warkewa har yanzu, amma sanin ta yana da amfani babba. Yaron da aka san yana da ita ba a barin sa da yunwa mai tsawo, ba a sa shi azumi, addini ma ya ɗauke wa marar lafiya. Zazzaɓinsa da gudawarsa ba a jinkirta musu. Akwai magungunan da likita zai yi taka-tsantsan da su, kamar valproate na farfaɗiya, wanda yake iya lalata hantar wasunsu, da allurar gentamicine, wadda take iya kurumtar da wasu. Ana kuma duba zuciyarsa a kai a kai.

Akwai kuma maganar gado, wadda in ba a bayyana ta da kyau ba takan raba aure. Gaskiya ne mitokondiri daga uwa kaɗai ake gadon su. Amma yawancin cututtukan da suke bayyana tun ƙuruciya daga uwa da uba ne tare, kowannensu yana ɗauke da rabin kuskuren bai sani ba, kamar yadda yake a amosanin jini, kuma auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwarsu. Nau'in Kearns-Sayre ma galibi ba a gadon sa daga kowa, haka kawai yake faruwa. Babu wanda ya zaɓi abin da zai gadar wa ɗansa, don haka babu dalilin ɗora wa mace laifi.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Wani zai ce, ƙasar da rabin yaranta suke fama da tamowa, da zazzaɓin cizon sauro yana cika gadajen Magarya kowace damina, ina ita ina cututtukan da sai an tara dubbai kafin a sami ɗaya? Maganar tana da nauyi, kuma babu mai cewa a rage kuɗin tamowa a sayi allurar miliyoyi. Amma allon awon tsawo kafinta ne yake yin sa. In aka auna, yawancin waɗanda za a tarar sun tsaya ba masu baƙuwar cuta ba ne. Masu amosanin jini ne, da masu tsutsar ciki, da masu ciwon ƙoda ko zuciya, da waɗanda sinadarin maƙogwaronsu ya gaza, su kuwa ƙwaya ɗaya mai araha a kowace safiya takan mai da su kan hanya. Awo ɗaya ne yake kama su duka.

Na farko, ya kamata kowane gidan likita, babba da ƙarami, ya kasance da allon awon tsawo kusa da sikeli, a kuma riƙa rubuta tsawo da ranar awo a karnen yaro, a gwada shi da ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006. Nauyi kaɗai bai isa ba.

Na biyu, ma'aikatar ilimi ta sa a auna kowane ɗan lakwal a farkon shekarar karatu, malami ya rubuta a littafin aji. Wanda bai ƙaru da santimetir 4 ba daga bara zuwa bana, a aika shi wurin majo da takarda. Makarantun allo ma kada a bar su a baya.

Na uku, a shata hanya ɗaya sananniya daga majo zuwa asibitin gunduma, daga nan zuwa babban asibitin ƙasa na Damagaram ko gidan uwa da yaro, a keɓe rana a wata don yaran da suka daina girma, a kuma buɗe musu rajista. Sashen koyon likitanci na jami'ar André Salifou ya horar da likitocin yara masu ƙwarewa a wannan fanni, domin jahar da ta fi kowace yawan jama'a bai kamata ta dogara ga tafiyar kilometir 900 zuwa Yamai ba. Gwajin da ba a iya yi a gida, a ƙulla yarjejeniya a riƙa aika jini maimakon aika yaro. Ƴan kaɗan ɗin da aka tabbatar allurar za ta amfane su kuma, hukuma ta duba yadda za ta tallafa, ko da sun wuce shekara 5.

Na huɗu, a tsananta wa masu tallar magani a kasuwa. Ƙwayoyin ƙiba irin su dexaméthasone, da ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe, suna kumbura fuska da ciki har iyaye su yi murna, alhali kuwa suna tsayar da girman ƙashi. Allurar girma da wani ɗan'uwa ya aiko daga waje ita ma ba ta shiga jikin yaro sai da hannun ƙwararren likita, wanda zai fara tambaya ko akwai saukar fatar ido, ko kurumta, ko farfaɗiya, ko yawan gajiya.

Na biyar kuma aikin jama'a ne. Waɗanda suka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci sun iya karanta lamba, sun iya rubuta kwanan wata, wannan kuwa ya isa. Magidanci ya tsai da ƴaƴansa jikin bango ba takalmi kowace ƙaramar Salla, ya ja layi bisa kan kowannensu, ya rubuta suna da shekara. In wata Sallar ta zagayo ya ga layin wani bai hau faɗin yatsu biyu na babban mutum ba, ya kai shi likita, kada ya jira wai zai yi tsawo in ya balaga. Uwayen Mirya sun nuna wa duniya cewa mutanen karkara suna iya riƙe ma'auni. Sarakuna da hakimai da limamai kuma su ja kunnen masu yi wa gajeren yaro ba'a, domin da yawa sun bar lakwal saboda dariyar tsararraki.

Yaro ba ya iya kai ƙarar kansa, kuma shekarun girmansa ƙidayayyu ne, in sun wuce ba sa dawowa. Nauyin yana kan iyaye da malamai da ma'aikatan lafiya da shugabanni, kowa gwargwadon matsayinsa. Allah shi raya zuri'a, shi ba marasa lafiya sauƙi, shi ba hukuma ikon sauke amana.